Kofin da Ke Dawowa a Cike

Surukata, mahaifiyar maigidana, ta huta ranar Litinin da hantsi a wani asibiti a Nguru, kafin la'asar mun iso da ita gida Gashua a bayan a-kori-kura. Allah ya jiƙanta, ya ta'azantar da mu da ta bari. Mama muke ce mata, mu da duk 'yan ikilisiyarmu. Ni kuwa Amarya take kirana tun ranar da aka kawo ni gidanta har ranar da ta rufe ido, ga furfura ta fara fito mini, ga 'ya'ya uku, ga ɗan nata ma ya riga ta kwanta dama.

Kwana uku gidan bai rabu da jama'a ba. Matan zumunta suka cika tsakar gida, kowa da zane iri ɗaya, suna waƙa suna kaɗa tulu. Shugabarsu ta ce ginshiƙi ya faɗi. Fasto ya ce tun da ya fara aikin Ubangiji bai ga mace mai zafin ruhu irin Mama ba, wadda kullum zuciyarta a cike take. Maƙwabciyarmu Hajiya, Babarbariya ce, katanga ɗaya ta raba mu shekara da shekaru, ta shigo ko sallama babu, ta zauna a bakin murhu tana share ido da gefen mayafi, tana tambaya wa zai ƙara yi mata faɗa a kan awakinta. Wani masunci ya taso tun daga Dagona a kan babur da ƙullin busasshen kifi, ya ajiye a ƙofar ɗaki, ya ce tsohuwar nan ba ta taɓa yaba kifinsa ba, ba ta kuma taɓa saye a wurin wani ba.

Ni ina kan tabarma ina amsa gaisuwa, jikina sai rawa yake. Masu zuwa suna ta ba ni haƙuri, sun ɗauka baƙin ciki ne. Akwai baƙin cikin, amma abin da ke kaɗa ni tsoro ne, kuma ranar Alhamis ya shigo mini har gida. Dattawan ikilisiya biyu suka zo ɗauke da babbar robar nan shuɗiya mai murfi, wadda Mama ke ajiye kofunan Jibin Ubangiji a ciki, suka dire ta a gabana. Suka ce Lahadi mai zuwa ita ce ta farkon wata, kuma Mama ta bar saƙo tun kafin a kai ta Nguru, in ta Allah ta kasance ni za a danƙa wa aikin. Shekara ɗaya da rabi ke nan rabona da shan kofin nan, kuma duk duniya Mama kaɗai ta sani.

Ga wanda bai san mu ba, mu Kirista ne, ba mu da yawa a garin nan. Kowace Lahadin farkon wata akan raba mana gutsuren burodi da ɗan ƙaramin kofi, kurɓi ɗaya ne, don tunawa da mutuwar Almasihu. A wurinmu zobo ne a cikin kofin. Dole akwai mai jiƙa zobon, mai yanka burodin, mai cika kofunan ta wanke su in an tashi, amma ba mai tunawa da ita. Mama ce. Ta fara tun a Nguru tana ƙuruciya, lokacin Baba, mijinta, yana aikin reluwe, da ya yi ritaya suka dawo Gashua ta taho da aikinta kamar yadda ta taho da turminta.

Kuma ƙa'ida gare ta, ba a taɓa mata. Asabar da sassafe take jiƙa zobon, wanda ta tsince da hannunta. Ba citta, ba kanumfari, sukari ɗan kaɗan, wai ai ba biki ake yi ba. Ta tace shi sau uku da wani farin ƙyalle da ba a yin komai da shi sai wannan. Burodin da almakashi take yanka shi. Abin da ya ragu kuwa ba a zubarwa a ƙasa, ba a ba yara, mai wanki ce ke shanyewa. In na ce Mama ki huta mana yau ɗaya, takan harare ni ta ce aure ma ba kullum ake guɗa ba, amma kullum ake ɗora tukunya.

Kada wani ya ɗauka waliyiya nake ba da labari. Mama bakinta da zafi. Da aka kawo mana sabon fasto, matarsa yarinya ce mai ilimi, mai son gyara, ta kawo shawara a taron mata a riƙa sayen lemon kwalba da kofunan da ake sha a yar, don a sauƙaƙa wa tsohuwa. Da kyakkyawar niyya ta faɗa, Allah ya sani. Mama ta miƙe ta wanke ta tas a gaban kowa, ta ce ita ba ta kai ƙarar gajiya wurin kowa ba, kuma wadda ba ta iya wanke kofi ba ta je ta koyo kafin ta koya wa mutane addu'a. Yarinya ta fita tana hawaye. Ni kaina na ji kunya ranar. Washegari Mama ta dama kunun gyaɗa ta kai mata da kanta, ba ta ce yi haƙuri ba, ba ta iya wannan ba, ta dai zauna ta goya mata jariri har azahar. A hanyarmu ta dawowa na tambaye ta me ya yi zafi haka a kan kofi. Ta ce a wurin wanki take sanin lafiyar ikilisiya. Na ɗauka irin maganganunta ne na tsofaffi, ban bi ta kai ba.

A shekarun nan na tashin hankali, lokacin da kowace Lahadi mutum kan fita sujada bai san ko zai dawo ba, 'yan'uwa da yawa suka kwashe iyalinsu suka bar gari. Benci ya yi ta zama wayam. Aka hana kowace mace shiga majami'a da jaka, ana lalube kowa a bakin ƙofa. Mama kaɗai ke zuwa da kaya a ka. Ɗan sanda ya ce ta buɗe, ta buɗe, ya leƙa ya ce mene ne wannan. Ta ce zobo ne, amma ba nasa ba ne. Akwai ranar da mu goma sha ɗaya muka yi Jibi, duk babur ɗin da ya gifta sai muryar fasto ta tsaya. Da aka tashi kowa ya zari takalminsa, ita kuwa ta zauna a bayan majami'a, a gindin darbejiya, ta wanke kofunan nan kaf, har waɗanda ba a taɓa ba, wai masu su za su dawo su tarar da su da tsabta. Ina tsaye a kanta ina roƙo mu tafi. Na ce Mama ke ba kya jin tsoro ne? Ta ce gwiwoyinta kaɗawa suke, ni ce dai ban leƙa ƙarƙashin zane ba.

Wancan tsoron ya wuce, wani ya zo. Duk ɗan Gashua ya san ciwon nan. In mutum ya ce takalminsa ya matse shi, gida kan yi tsit. Maigidana haka ya fara, ƙafa ta kumbura, fuska ta kumbura da safe, aka ce ƙoda ce. Muka yi ta zirga-zirga tsakanin Gashua da Nguru ana yi masa wankin ƙoda har ƙarfinsa ya ƙare. Na yi addu'a a lokacin kamar raina zai fita. Da muka binne shi, sai na nemi addu'ar na rasa. Ba fushi nake da Allah ba, da ma fushin ne da na san akwai sauran rai. Babu komai ne kawai. In durƙusa, shiru. Waƙar da kan sa ni hawaye a da, sai in ji ta kamar tallan kasuwa.

To, kafin a raba Jibi akwai gargaɗin da ake karanta mana daga Maganar Allah, cewa kowa ya binciki zuciyarsa, don wanda ya ci ya sha bai cancanta ba hukunci ya jawo wa kansa, har ma wannan ne ya sa wasu ciwo, wasu kuma suka mutu. Shekara nawa ina jin wannan yana wucewa ta bayan kunnena. Watan farko bayan rasuwar maigidana ya sauka mini a ƙirji. Na binciki zuciyar tawa, na tarar da kango. Na ce shi ke nan, in na sha ƙafata ce za ta kumbura, wa zai riƙe mini yara uku?

Kuma ba halin in bar faranti ya wuce. A wurinmu wanda ya ƙi karɓa, to yana ƙarƙashin horo ne, ya yi wani laifi. Mace mai takaba ta ƙi karɓa, kafin Litinin an samo mata namijin da ta yi laifin da shi. Sai na koyi dabara. In ɗauki kofin, in kai bakina tare da kowa, in rufe shi da tafin hannu, in mayar a faranti a cike. Dattijon da ke karɓa a ɓangaren mata idonsa ya yi rauni, bai taɓa lura ba. Burodin kuwa in ƙulle a haɓar zane. A gida na rasa yadda zan yi da shi, ina tsoron ci, ina tsoron ba kaji, sai na riƙa tarawa a wani gwangwani a ƙarƙashin gado.

Wata bakwai ina haka. Ran nan bayan sujada ina ɗauraye wa Mama kofuna a gindin darbejiyar nan, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, “Amarya, na gaji da sha miki.”

Kofin da ke hannuna ya faɗi cikin ruwa. Ta ce tun watan farko ta ga ɗaya ya dawo a cike, a wata na biyu ta koma bencin bayana ta zauna, ta ga maƙogwarona ba ya motsi. Ba ta gaya wa fasto ba, ba ta gaya wa kowa ba, shanyewa kawai take yi. Nan na fashe da kuka na zazzage mata komai, har gwangwanin. Na zaci za ta wanke ni kamar yadda ta wanke matar fasto. Sai ta tambaye ni, lokacin da ɗanta ke kwance yana cewa bakinsa ba ɗanɗano, hana shi kunu na yi ko ɗura masa? Na ce ɗura masa na yi. Ta ce to.

Da ta tsaya nan da na ji sauƙi. Amma ta ci gaba, kuma abin da ta faɗa shi ya hana ni sukuni har yau. Ta ce a Nguru, tana yarinya, in ta durƙusa ji take kamar Yesu na zaune a bakin gadonta, har Baba kan yi mata tsiya wai ta fi son addu'a da shi. Wata Talata ta durƙusa kamar kullum, ta tarar ba kowa. Ba wanda ya mutu, ba abin da ya faru, tafiya kawai abin ya yi. Ta yi azumi, ta yi kuka, ta tone zunubanta har na ƙuruciya, shiru. A cikin shekara kusan talatin, sau biyu ya dawo mata. Sau ɗaya ya yi damina guda. Sau ɗaya tana tuyar ƙosai ne da safe, ta ji zuciyarta ta cika har ta ajiye matsami, kafin man ya huce ya tafi.

Na ce, “Mama, duk shekarun nan kina sha ba kya jin komai?”

Ta ce, “Yi aka ce mu yi, Amarya. Ba a ce mu ji ba.”

Na yi mata alkawari wata mai zuwa zan sha. Ban sha ba. Na kai bakina, hannuna ya ƙi. Haka wata na gaba, haka na gabansa. Ba ta sake tayar da maganar ba. Abu ɗaya ta ce, in kawo mata gwangwanin, ta jiƙa busassun gutsattsarin nan a ruwa ta cinye a gabana. Daga nan kowane wata in na zo taya ta wanki sai in saka mata burodina a gefen roba, ta ci, ta ɗauki kofina ta shanye, mu ci gaba da hira a kan tsadar shinkafa ko awakin Hajiya.

Sai ga wata safiya tana shirin kasuwa, na ji ta daga ɗaki tana mita wai takalman zamani ba su da kirki, jiya-jiya sun matse ta. Ludayi ya suɓuce daga hannuna.

Ba zan iya kwatanta watannin da suka biyo baya ba. Hanyar Nguru ɗin nan dai, asibitin nan dai, warin maganin nan dai. Kowa na cewa jarrabawa ce, ni kuwa cikina na faɗa mini wani abu dabam. Matar nan ta shekara talatin tana sha da busasshiyar zuciya, ga shi hukuncin ya iso. In kuwa ba nata ba ne, to nawa ne, don kofina take sha, abin da aka auno mini shi ya sauka a ƙafarta. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na haɗiye, amma ko abinci na kai baki sai in ji kamar ƙasa.

Saura kwana huɗu ta rasu, da rana tsaka, ina shafa mata mai a ƙafafun nan da suka zama kamar turmi, na kasa riƙewa. Na ce Mama ki yafe mini, ni na jawo miki. Ta daɗe tana kallona kafin ta gane abin da nake nufi. Sai ta yi dariya, dariyar da ta ja mata tari har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Ta ce lallai na ɗauki kaina da girma, ni har na isa in kumbura mata ƙafa? Ta ce Alhaji mijin Hajiya fa, wannan ciwon ne ya ɗauke shi, kofin wa ya sha? Masunta nawa, manoma nawa daga Katuzu ke kwance a ɗakin can? Abin da likitoci suka rasa kansa, ni na gano shi a gindin darbejiya?

Na ce to yanzu fa, da tafiya ta matso, Yesun nan da take ji a bakin gado ya dawo mata? Ina so ta ce e. Allah ya sani, da ta ce e da na samu abin riƙewa.

Ta ce, “Bai dawo ba.”

Na ce, “Ba kya tsoro?”

Ta ce, “Ina ji mana. Amma in ya zo nemana, ya san inda ya bar ni. Ban matsa ba.” Ta rufe ido, na ɗauka barci ya ɗauke ta, sai ta ƙara da cewa kada in yarda a sa citta.

Wannan ita ce matar da fasto ya ce kullum zuciyarta a cike take. Ban ƙaryata shi a gaban mutane ba, amma na kasa barin maganar ta tafi haka, shi ya sa na zauna rubuta wannan. Jikokinta za su girma su ji ana cewa kakarsu wuta ce, ran da tasu wutar ta mutu su ɗauka an yashe su. Gara su san gaskiyarta, ta fi yabon nauyi.

Robar nan ta kwana biyu a ɗakina ban buɗe ta ba. Na yi tunanin in kai wa matar fasto in ce ba ni da lafiya. Na yi tunanin in tafi garinmu da yara. Kowace safiya sai na danna ƙafata da yatsa in ga ko wurin zai lotsa. Asabar da sassafe dai na tsinci kaina ina tsince zobo. Hajiya ta leƙo ta katanga ta ga farin ƙyallen a hannuna, ta ce wushe, sannu ke nan da Barbarci, ashe aikin tsohuwa bai mutu ba. Na tace sau uku. Na yanka burodi da almakashinta, gutsattsarin suka fito wani babba wani ƙarami, na san da tana nan da na sha faɗa.

Ranar Lahadi aka karanta gargaɗin nan, kowace kalma ta sauka mini kamar da. Faranti ya iso. Na ɗauki kofina, sai lissafin ya zo mini a fili: in na mayar da shi a cike, wurina zai dawo, ba sauran mai sha mini. Na sake bincikar zuciyata, kangon nan dai yana nan. Na ce Ubangiji ga ni, yadda ka gan ni haka nake. Na ci, na sha. Tsami ne da ɗan zaƙi, zobo dai. Sama ba ta buɗe ba, hawaye bai zo ba.

Aka tashi, kowa ya watse. Na ja robar zuwa gindin darbejiya, na zauna a kan dutsen da take zama, na fara kwashe kofuna daga faranti ɗaya bayan ɗaya. A farantin ɓangaren maza, can gefe, na tarar da ɗaya a cike, ko kurɓa ba a yi ba.

Na daɗe ina kallonsa. Na waiwaya, ba kowa sai awaki. Gwiwoyina suna kaɗawa a ƙarƙashin zane, na ɗauka na shanye, na wanke shi tare da sauran. Wata mai zuwa zan zauna a baya, inda ake ganin maƙogwaron kowa.